Gyaran birkin mai na allon gangare a Yamai: ka san man da ke ciki kafin a kwance noti

Allon ya shigo hannunmu ne daga kayan gwanjo. Wani ɗan kasuwa a Katako ya fasa kaya, kekuna da kujerun yara da tukwanen lantarki, sai ga wani abu can ƙasa kamar allon karatu mai tsawo, da taya huɗu masu shan iska, da maɗaurin ƙafa biyu a bisa, da wani siririn tiyo baƙi da ya fito daga wajen tayoyin ya ƙare da hannun birki irin na keke. Mai kayan bai san sunansa ba. Ɗan ƙanwata da ke zaune wurina yana karatu shi ya gane shi, don ya sha ganinsa a waya. Turawa na ce masa mauntinbod, mu a gida allon gangare muke kiransa. Mutum na tsayawa a kai a karkace, ya cusa ƙafafu cikin maɗauri, ya gangaro daga tudu, birkin na hannunsa. Ba shi da inji, gangaren ne ke jansa.

Duk ranar Lahadi da sassafe mukan haye Gadar Kennedy zuwa Harobanda, mu fita bayan gari inda tuddai da jan tsakuwa suke. Wata uku muna haka lafiya lau. Ranar da abin ya faru yaron ya faɗi faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, amma hannun birkin ya kuɓuce masa, tiyon ya shiga ƙarƙashin tayar baya ya lanƙwashe daf da inda yake shiga hannun. Da ya miƙe ya matsa, sai hannun ya tafi har ya taɓa mariƙi, takalman birki ko motsi ba su yi ba, ga wani mai shuɗi yana bin yatsunsa. Ya ce, “Kawu, ya mutu ke nan?” Na ce a'a, zuba ya yi, za a gyara.

Gyaran da ya kamata ya ci mu rabin yini sai da ya ci mu wata guda da saitin birki sukutum, kuma dalili ɗaya ne. Don kada wani ya bi ta inda muka bi nake wannan rubutu. Duk abin da zan faɗa ya shafi masu keke mai birkin mai, irin waɗanda yanzu suka cika gari, domin aikin ɗaya ne, inda ya bambanta zan nuna.

Washegari na kai allon wurin wani mai gyaran moto a unguwarmu. Mutum ne mai hannu, ya sha gyara min babur ban taɓa komawa da ƙorafi ba. Ya yanke wurin da ya lanƙwashe, ya mayar da tiyo, ya ɗauko robar man birki da yake zuba wa kowace moto, ya ɗura. Birki ya kama a take, na biya na tafi da murna. Bayan kwana huɗu hannun ya fara nauyi. Bayan mako ɗaya in ka matsa ba ya dawowa sai ka tura shi da ɗan yatsa, tayoyin kuma suna jan ƙafa kamar an ɗaure su. Da aka buɗe, zobban robar da ke kewaye da fistin, ƴar sandar da ke motsi cikin birkin in an matsa, sun kumbura sun yi laushi kamar wake da ya kwana a ruwa.

Abin da ya faru shi ne, manyan nau'o'in man birki biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai wanda ake rubuta wa DOT, wato DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1. Shi ne na motoci da babura, shi ne a kan kowane tebur na masu sayar da kayan gyara, kuma shi duk bakanike yake nufi in ya ce man birki. Sannan akwai man ma'adini, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, a jikin roba za ka ga an rubuta mineral. Kowane birki an yi zobban robarsa ne don ɗaya daga cikinsu. Ka zuba DOT a birkin man ma'adini, roba ta kumbura. Ka zuba man ma'adini a birkin DOT, nan ma roba ta kumbura. Kuma ba nan take abin ke nunawa ba, shi ya sa bakanike zai rantse maka cewa ya yi aiki mai kyau, kai ma ka shaida, sai bayan kwanaki ɓarnar ta fito. Mutumin nan bai cuce ni da gangan ba. Bai taɓa ganin birkin da ba ya shan DOT ba, ni kuma ban san in tambaya ba.

To yaya za ka san naka? Fara da karanta abin da ke jikin hannun birkin. Goge ƙura da tsumma ka duba a rana, sau da yawa an rubuta a kan murfi ko a gefe. In babu, sunan kamfanin zai taimaka. Shimano da Tektro da Magura man ma'adini suke sha. Avid da Hope da yawancin SRAM da ke zuwa mana a gwanjo DOT suke sha, amma SRAM na da wasu sababbi na man ma'adini, don haka shi sai ka karanta. Namu Magura ne, na wani kamfanin Jamus da ke garin Bad Urach, irin wanda suka ƙera don ya matse bakin gargaren keke, masu haɗa allunan gangare suka ɗauko shi suka ɗora wa tayoyinsu. Man kamfanin shuɗi ne, sunansa Royal Blood. Na Shimano ja-ja ne mai haske. Amma kada ka dogara da launi kaɗai, tsohon mai kowane iri ne yakan koma ruwan ƙasa.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na ruwa, wani dattijo mai gyaran keke ya nuna min shi, zan zo kan labarinsa. Ka samu ƙaramin kofin shayi na gilashi, ka zuba ruwa rabi, ka ɗiga man da ya fito daga birkin ɗigo biyu ko uku. Man ma'adini zai tsaya a sama ya yi ƙwaya-ƙwaya kamar man gyaɗa a kan miya. DOT kuwa zai narke cikin ruwan, ya ɗan gurɓata shi ya ɓace, domin shi mai son ruwa ne. Akwai DOT 5 zalla, na silikon, shi ba ya narkewa, amma ba a zuba shi a birkin keke ko ɗaya, kada lambar ta ruɗe ka da 5.1. Wannan son ruwan ne ma ya sa robar DOT da aka buɗe ta daɗe a kanta ba ta da amfani. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 230, amma yana shan laimar iska a hankali, in ya sha kuwa sai ya tafasa da wuri, birki ya ɗauke a tsakiyar gangare. Kuma yana cin fenti, in ya ɗiga a jikin keke ka wanke da ruwa nan take.

Samun man ma'adini a Yamai shi ne aikin. Na kamfanin ba a tebur yake ba. Ko ka roƙi wani da ke dawowa daga Faransa ya riƙo maka ƙaramar roba, mililita 100 ta isa gyara sau da dama, ko ka sa masu sayar da kekuna masu tsada su sako maka cikin odarsu, ka yi haƙurin jira, don tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu matsala kaya ba sa saurin isowa. Mu da jira ya gagara, LHM muka zuba, koren man nan na tsofaffin motocin Citroën, wanda ake iya samu wurin manyan masu kayan mota. Shi ma na ma'adini ne kuma bai taɓa mana roba ba. Kamfanin dai nasa man kaɗai ya yarda da shi, ka san da wannan, kuma ranar da na ainihin ya iso mun wanke mun canza. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne man girki da baƙin man inji. Na girki yana daskarewa ya yi danƙo, na inji ya yi kauri ga waɗannan ƴan ƙananan hanyoyi. Wasu na zuba ruwa zalla. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ban ga hikimar haka ba.

Kafin ka ɗauki allon ka fita, zauna ka gano inda ciwon yake, don in ka sani ba wanda zai kwance maka abin da lafiyarsa ƙalau. Wanke komai da ruwa da sabulu, ka shanya a inuwa. Naɗe farar takarda mai laushi a duk mahaɗa: inda tiyo ke shiga hannu, inda yake shiga silinda ta farko, wato ɗan gidan da ke tura takalmin birki a wajen taya, da ɗan gajeren tiyon da ya haɗa ta da ta biyu. Sai ka matsa hannun da ƙarfi ka riƙe kana ƙirga ashirin. Inda takarda ta jiƙe nan ne. A ƙasarmu ma ƙura na taimakawa, duk inda ka ga ta taru ta yi baƙi ta manne, mai na tsattsafowa a wurin. In hannun na da taushi kamar soso amma in ka matsa sau uku a jere sai ya ɗan yi ƙarfi, kuma babu jiƙa ko'ina, iska ce ta shiga, fitar da ita kawai za a yi. In hannun na da tauri amma allon ba ya tsayawa, takalman ne suka cinye ko mai ya taɓa su. In man na fitowa daga bayan hannun, inda sandar fistin take shiga, ko daga bakin silinda kusa da takalmi, to zoben roba ne ya mutu, wannan kuwa gyaransa a nan garin canza hannun ko silindar gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Namu ya kai ga canji. Na koma Katako ina bin rumfunan masu kekuna ina nuna hoton birkin a waya, har aka tura ni wurin wani dattijo da ke zaune tsakanin gargare da sarƙoƙi, tabarau a ƙarshen hanci. Ya juya hannun birkin a tafinsa, ya shinshina, ya ce, “Ɗana, wa ya zuba wa wannan man mota?” Na gaya masa. Bai zagi kowa ba. Ya miƙe ya shiga can ciki ya jawo wani tsohon keken mata na Turai mai kwando a gaba, ƙirarsa ta karye a tsakiya, amma birkinsa iri ɗaya da namu sak. Ashe kekunan zirga-zirgar gari da ke fitowa daga Jamus da Holan da yawa da irin wannan birki suke zuwa, samfurin Magura da ake kira HS11 ko HS33, kuma in keken ya mutu ba mai kula da birkin. Wannan ita ce hanya mafi araha da na sani ta samun hannu da silinda da takalma. Ka nemi keken da ya karye, ka matsa birkinsa, in yana da tauri yana kuma dawowa da kansa, ka yi ciniki a kan saitin duka. Ka ce a kwance maka shi yadda yake, kada a yanke tiyo.

In za ka ba wani aikin, mai gyaran keke ka nema wanda ya taɓa buɗe birkin mai, kuma tambayar farko da za ka yi masa ita ce wane mai zai zuba. In ya ce man birki ai man birki ne, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Ka je da manka a hannu, ka zauna a wurin har a gama. Kuma ka lura da sirinjin da zai yi aiki da shi, wanda ya taɓa DOT ba ya shiga birkin ma'adini ko da an goge. Sirinji mai mililita 20 a famasi kuɗinsa kaɗan ne, ka sayi biyu sababbi da robar ƙarin ruwa guda, ka kai masa. Robar cikin sirinjin famasi takan kumbura in ta kwana da man ma'adini, saboda haka na yini ɗaya ne, a gama a jefar.

Tiyon birkin gaban keken bai kai tsawon da mai tsayuwa a kan allo yake buƙata ba, dole muka yi amfani da na birkin baya wanda ya fi tsawo. Tsohon tiyonmu da ya sha DOT Baba, wato dattijon nan, bai yarda a mayar ba. Auna tsawo ana yi ne da mai hawan a tsaye a kan allon, ƙafa cikin maɗauri, hannu a ɗage har kafaɗa, sannan a ƙara kamar taƙi ɗaya. In ya gaza, zai fizge ranar da aka faɗi. In ya yi yawa, zai shiga ƙarƙashin taya kamar yadda namu ya yi.

Yankan tiyo shi ne wurin da gaggawa ke ɓata aiki. Baba ya ɗora shi a kan guntun katako, ya sa sabuwar reza ya danna sau ɗaya, a miƙe, ba a karkace ba. Almakashi da filaya suna matse bakin ya zama kamar ƙwai, daga nan kuwa zuba ba ta ƙarewa. A ɓangaren hannu, ana fara zura murfin roba, sai dogon noti, sai wani ɗan zoben tagulla mai kama da ƙwallon dabino ƙarami, masu Faransanci a baki suna ce masa olib. Shi ne ke matsewa ya rufe hanya in an ɗaure noti, kuma sau ɗaya yake aiki. Wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya lotse, in ka mayar da shi zai riƙe yau ya saki gobe. Wannan ɗan zoben shi ya kamata ka roƙi a riƙo maka da yawa tare da mai. Sai a tura tiyon ciki har ya tokare, a riƙe shi a haka da hannu ɗaya kada ya ja baya, a fara ɗaure notin da yatsu don kada zaren ya hau karkace, a ƙarasa da lakile mai lamba 8. Gidan hannun na wasu roba ce mai ƙarfi, na wasu alminiyom, duka biyun ba sa son ƙarfin tuwo. In ya kama, ka ja tiyon da hannu, in bai zame ba ya isa.

A ɓangaren silinda babu zobe, wani ɗan ƙarfe ne mai ƙaya-ƙaya ake bugawa cikin bakin tiyo. Kamfanin na da wasu ƴan robobi biyu na riƙe tiyon yayin bugu, Baba kuwa nasa ya yi da kansa. Guntun katako ne aka huda shi daidai kaurin tiyo, aka tsaga shi biyu ta tsakiyar hudar. Ya sa tiyon a tsakani, ya bar kamar faɗin ɗan yatsa a waje, ya matse katakon a matsin ƙarfe na tebur, ya riƙa buga ƙarfen da guduma ta katako a hankali, tak, tak, har ya nutse. Duk kafinta zai yi maka irin wannan katako cikin minti biyar.

Sai fitar da iska, wanda shi ne zuciyar aikin. Birkin mai yana aiki ne don mai ba ya matsuwa, in ka tura shi a nan dole ya tura can. Iska kuwa tana matsuwa, ƙwaya ɗaya kamar ƙwayar gero a cikin tiyo ta isa ta shanye rabin ƙarfin hannunka. Dokar guda ce, iska sama take nema, don haka ana tura mai daga ƙasa zuwa sama.

Ga yadda muka yi. Allon a ƙasa, hannun birkin a ɗaure da tsumma a jikin reshen bedi da ke gaban rumfar, sama da kanmu, tiyon a miƙe babu inda ya yi ciki ya sauko. An juya hannun yadda ɗan sukurun fitar da iska zai zama shi ne ƙololuwa. A jikin hannun akwai abin daidaita tazarar takalma, na wasu jan maɓalli ne da ake murzawa da yatsa, na wasu ƙaramin sukuru, an mayar da shi baya gaba ɗaya. Wannan matakin mutane na mantawa, in ka manta kuwa man da zai shiga ba zai cika ba. An cire takalman, da hannu suke fita, an ajiye su nesa cikin leda, an tura fistin ɗin silinda duka biyu ciki har ƙarshe an ɗaure su a haka.

Baba ya cika sirinji da mai, ya ɗaga bakinsa sama, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce har ƙwayoyin iska suka taru suka fita, kamar yadda ake yi a likita kafin allura. Ya kwance sukurun da ke toshe da silinda ta ƙarshe, ya ɗaura bakin sirinjin a wurin ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai zare da ya ciro daga tsohon saitin. Sannan aka buɗe na sama, aka sa guntun robar ƙarin ruwa ta gangara cikin kwalba. Ya ce wa yaron, “Jikana, kai idonka a kan robar nan, in ka ga kumfa ka faɗa.” Ya fara turawa a hankali, a hankali ƙwarai. Da farko ba abin da ya fito sai huci. Can sai ga tsohon man keken, ruwan ƙasa, da kumfa a jere kamar carbi. Yaron na cewa, “Ga ta, Baba, ga wata kuma.” Ni aikina in bi tiyon daga ƙasa zuwa sama ina ɗan bugunsa da bayan sukundireba, in buga silindun su ma, don ƙwayoyin da suka maƙale a lungu su saki. Lokaci-lokaci Baba ya ce in ja hannun birkin kaɗan in sake shi ya koma da kansa, duk sanda na yi haka sai wasu ƴan ƙanana su ɓullo. Sirinji biyu muka tura kafin man ya fito kore tas babu ko ɗigon kumfa.

Rufewa ma da tsarinta. Ana fara cire robar sama a ɗaure sukurunta yayin da man ke cike har baki, sannan a sauko a cire sirinji a toshe na ƙasa da sauri. Sukurun sama a sababbin hannaye na roba ne mai kan tauraro, lamba T25, da yatsa biyu ake ɗaure shi, in ka ƙara ƙarfi kansa zai cinye. Daga nan a goge ko'ina da alkol na famasi, musamman inda takalma ke kamawa, a wanke hannu da sabulu, sannan a mayar da takalman. Takalmin da mai ya jiƙa ba ya dawowa daidai. In ɗan taɓawa ce ana iya goge fuskarsa da sanfefa, in ya sha kuwa a canza.

Ga mai keke da birkin faifai, bambancin kaɗan ne. Hannunsa na da ɗan rumbun mai a sama. Tiyonsa na buƙatar ƙaramin ƙarfe a cusa cikin baki kafin a sa zoben tagulla. In an cire takalma sai a cusa guntun roba mai tauri ko katako mai tsabta tsakanin fistin biyu don kada su fito. Faifan kuma an rubuta a jikinsa iyakar sirancin da zai kai, na Shimano milimita 1.5, in ya kai nan a canza. Kuma kada a taɓa matsa hannun birki alhali taya na waje babu komai tsakanin takalma.

Da aka gama, Baba bai bar mu muka tafi ba. Ya matse hannun ya ɗaure shi da guntun robar tayar keke, ya ce mu sha shayi. Bayan kusan rabin awa ya kwance, ya bi mahaɗun da farar takarda, ba jiƙa. Ya ce in mun je gida mu sake ɗaure shi haka ya kwana, hannun a rataye sama, da safe mu duba. Na ga amfanin wannan, zubar da ba ta nuna kanta a minti ɗaya tana nunawa a dare ɗaya.

Gwajin farko ba a kan tudu ake yi ba. Fili muka samu a unguwa, ina tura yaron yana tsayawa, sau ashirin ko fiye, har sababbin takalman suka zauna. Tayoyin biyu masu birki su kama tare, in ɗaya ta riga ɗaya allon zai juya da kai gefe, sai a sassauta maɗaurin silindar a matso da ita har tazarar ta zo ɗaya. Mai hawa kuma ya mayar da nauyinsa baya ya durƙusa kaɗan kafin ya matsa, don ƙafafunsa a ɗaure suke, in allon ya tsaya cak shi gaba zai yi. Hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu ban yarda a hau babu su ba, ko a fili ne. Kuma na sa shi ya koyi rage gudu da karkata hagu da dama, yana yanka gangaren a kwance, har ya iya tsayawa ba tare da ya taɓa birki ba.

Wani abu da zafin garinmu ya koya min: irin wannan birki namu ba shi da rumbun mai a sama, a rufe yake ruf. In allon ya wuni a rana ko a bayan mota, man na buɗewa, takalman su matso su riƙa shafar taya. Ba lalacewa ba ce, a kai shi inuwa ya huce, ko a ɗan mayar da maɓallin daidaitawa baya. Don haka a bazara nakan bar tazarar ta ɗan fi ta lokacin sanyi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana taruwa a bakin fistin tana cin roba kamar sanfefa, duk dawowa sai mun bi wurin da tsohon buroshin haƙori da ruwa. Ba a fesa masa man feshi na kwance tsatsa, ba a wanke shi da fetur ko kananzir.

Tiyon yanzu mun naɗe shi da yankakkiyar robar tayar keke a duk inda yake gogar katako, mun ɗaure shi a jikin maɗaurin ƙafar baya yadda ba zai kai ga taya ba, hannun kuma mun sa masa igiya da ke zagaye wuyan hannun yaron, ko ya faɗi ba zai kuɓuce ba. A jikin hannun birkin na manna farar takarda na rufe ta da salatif, na rubuta da Hausa da Faransanci cewa man ma'adini kaɗai, ban da DOT. Sauran man da zobban tagulla uku suna cikin gwangwanin madara a saman kwaba, tare da katakon da Baba ya ba yaron kyauta ranar da muka koma gaishe shi.